Haɗa Ƙananan Motocin Roba a Sakkwato: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Duk baƙon da ya shigo ɗakina a Mabera ya hangi motocin da ke jere cikin kabad ɗin gilas, tambayoyinsa ba sa wuce na wanda ya riga shi zuwa. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na tattara su a nan. Wasu amsoshin sun yi tsawo, musamman na fenti, domin a nan ne garinmu yake gwada haƙurin mutum.

Wai mene ne wannan abin? Ba motar wasan yara ba ce?

Kwali ne za ka saya, ka buɗe ka tarar babu mota a ciki, sai gutsattsarin roba manne a jikin wasu rassa, da tayoyi huɗu, da gilasai, da takardar tambari, da littafin da ke nuna inda kowane gutsure zai zauna. Kai ne za ka yanko su ɗaya bayan ɗaya, ka goge, ka yi musu fenti, ka haɗa. Wani kwalin gutsattsarinsa ba su kai hamsin ba, wani sun haura ɗari. Idan ka gama, abin da ke hannunka kwafin wata mota ce ta gaskiya, har da sitiyarinta da salansarta da madubin gefe.

Ba ta tafiya, ba ta da batir. Ɗan ƙanwata da ya fara ganinsu, abin da ya ce shi ne, "Kawu, to wagga mota in ba ta tahiya mi ar ranarta?" Na ce masa ranarta ɗaya ce da ta motar kara da muka yi muna yara, wadda muke fere mata taya da tsohon silifas. Daɗin yana cikin ƙerawar. Wanda ya taɓa lanƙwasa langa-langa ya fitar da kan tirela ya riga ya san rabin wannan aiki.

Me ake nufi da 1:24 da ke jikin kwali?

Ma'auni ne. Santimita ɗaya a jikin ƙaramar motar daidai yake da santimita 24 a jikin ta gaskiya. Motar da tsawonta ya kai mita 4.8 za ta fito santimita 20, wato kamar taƙi guda. Kamfanonin Japan da na Turai sun fi yin 1:24, na Amurka irin su AMT sun fi yin 1:25, kuma idan ka jera su ba kowa zai gane bambancin ba. A 1:43 motar nan za ta koma kusan santimita 11, a 1:18 kuma ta kusa 27.

Ka riƙe wannan lissafi, zai yi maka amfani a gaba. Ƙwayar rairayi mai rabin milimita da ta faɗa kan fentinka, a ma'aunin motar tsakuwa ce mai santimita ɗaya da ɗoriya zaune a kan bonet.

A ina ake samunsu?

Motocin da za ka gani a shagunan kayan yara na Babbar Kasuwa haɗaɗɗu ne, na ƙarfen zubi ko na batir. Kwalin haɗawa odarsa ake yi ta intanet, ko a ba wa mai dawowa daga waje sautu. Idan za ka yi oda, ka duba da kyau cewa wanda ake haɗawa ne, domin hoton kwali yakan ruɗi mutum. Ka kuma sa a ranka cewa kuɗin dako wani lokaci yakan kamo kuɗin kayan. Mu kan haɗa kai mutum biyu ko uku mu yi oda ɗaya.

Gwangwanin fentin feshi da tina, wato ruwan sirka fenti, ba a cika yarda a ɗauko su ta jirgin sama ba saboda suna kama wuta. Wannan ne ya sa yawancinmu muke haɗa kwalin waje da fentin gida.

Wane kamfani ya fi, kuma da wace mota zan fara?

Ga mai farawa, Tamiya nake ba da shawara. Kamfanin Japan ne da ke Shizuoka, an kafa shi a 1946 a matsayin masana'antar katako kafin ya koma roba, kuma gutsattsarinsa suna shiga juna ba tare da kokawa ba. Akwai Hasegawa da Aoshima da Fujimi, su ma na Japan, da Italeri na Italiya, da Heller na Faransa, da Revell wanda yake rubuta matakin wahala a jikin kwali daga 1 zuwa 5. Kada ka raina mataki na 2 ko na 3.

Ka zaɓi mota mai launi ɗaya, wadda ba ta da tarin tambari. Da yawa daga kwalayen Japan ba su da inji a ciki, bonet ɗin a rufe yake, kuma wannan sauƙi ne gare ka. Motar tsere mai launi uku da tambari hamsin ka bar ta sai hannunka ya faɗa. Ta farko za ta fito da tabon gam da shatin yatsa, haka ta kowa ta fito. Kada ka sayi mai tsada don koyo.

Akwai motocin da muka sani a hanyoyinmu?

Akwai. Tamiya ya yi Land Cruiser 80 da Volkswagen Bitil ta 1966, Aoshima yana da Hilux da Hiace iri-iri. Masu son Fijo, Heller yana da 203 da 403 da 205, Tamiya kuma yana da 405 ta tseren Faris zuwa Dakar na 1990, tseren da a wancan zamani yakan ratsa Agadas a maƙwabciyarmu Nijar. Ita kuwa 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, kuma ta ci tseren Safari na Kenya a wannan shekarar, masu sonta sukan same ta a ƙarfen zubi daga kamfanin Norev a 1:18 ko 1:43. Wasu sukan kwance ta su sake mata fenti ta koma irin tasin da suka sani.

Wane kayan aiki nake bukata?

Ba yawa. Abin yanke farce mai kaifi zai cire gutsure daga reshe idan ba ka da ƙaramar filaya. Kada ka murɗe gutsuren da hannu, zai tafi da tsokar robar. Ka yanke da ɗan nisa, sannan ka share ragowar da reza ko wuƙar tiyata da ake samu a kemis. Sai sanfefar ruwa irin ta masu fentin mota, lamba 400 da 600 da 1000 da 2000. Lamba tana hawa, laushi yana ƙaruwa. Sai hantsaki, tsinken sakace, ƙananan burushi biyu ko uku, tef ɗin takarda, da maƙalan shanya. Faranti mai ɗan zurfi ma yana da rana, domin madubin gefe idan ya faɗi a kan darduma sai dai wani ikon Allah.

Zan iya amfani da sufa gulu?

Za ka iya a wasu wurare, amma ba shi ne gam ɗin aikin ba. Gam ɗin roba na ainihi narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, kamar walda. Mai ruwa-ruwan, irin Tamiya Extra Thin, sai ka haɗa gutsattsarin tukuna sannan ka taɓa bakin da ɗan burushi, shi da kansa zai bi tsagar ya shige. Idan yatsanka yana kan tsagar, zai bi ƙarƙashinsa ya bar maka shatin da ba ya gogewa.

Abubuwa biyu za ka kiyaye. Wannan gam ba ya kama fenti ko ƙyallin azurfar da ke jikin bamba da wili, sai ka kankare inda za su haɗu. Gilas kuma kada sufa gulu ya kusance shi, tururinsa yana mayar da shi fari fat kamar an shafa alli. Farin gam na kafinta shi ne maganin gilas da fitilu: ɗigo kaɗan da tsinken sakace, idan ya bushe ba a ganinsa.

Wane irin fenti? Na masu fentin mota zai yi?

Fentin wannan aiki kashi uku ne. Akwai akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa ko sinadarinsa, ba shi da wari sosai, yana saurin bushewa. Akwai fentin mai, irin na ƙananan gwangwanayen Humbrol, yana kwanciya da kyau da burushi amma yakan ɗauki kwanaki kafin ya yi tauri har ciki. Akwai laka, wato lacquer a Turance, mai ƙarfin sinadari, shi ne ya fi ba da sheƙi a jikin bodi. Idan za ka ɗora wani kan wani, mai ƙarfi ne a ƙasa: laka, sannan na mai, sannan akirilik. Ka juya tsarin, ka fesa laka kan fentin mai, sai ka ga ya tattare kamar fatar tsohuwa.

Fentin mota na gaskiya dangin mai ƙarfin ne, tinarsa kuma tana cin wannan roba. Da idona na gani. Wani mai fenti da muke mutunci ya zuba mini ragowar jan fenti a kwalba, na dawo gida ina murna na shafa kai tsaye a bodin wata Bitil. Kafin in wanke burushi rufin motar ya yi yaushi ya fashe-fashe. Laifina ne, ban sa firama ba, wato fentin share fage da ake fara shafawa a ƙasa. Yanzu ina amfani da fentin mota, amma sai na yi firama shafi biyu ko uku marasa kauri, na bar ta ta kwana, sannan na gwada a kan cokalin roba na shan shayi ko a reshen da na cire gutsattsari. Abin da bai ci cokali ba, da wuya ya ci mota.

Me ya sa fentina yake fitowa da ƙurji-ƙurji, ko cike da ƙura?

Nan ne gizo ke saƙar. Umarnin da ke jikin gwangwani an rubuta shi ne don ƙasashe masu sanyi. Mu a nan daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, iska kuma a bushe take. Fentin da ka fesa yakan fara bushewa tun yana cikin iska, ya sauka a jikin mota a matsayin gari maimakon ruwa. Shi ne kake ganin fuskar ta yi kamar ɓawon lemu, ko ta yi kaushi kamar sanfefa. Maganinsa, ka yi feshi da sassafe, bayan gari ya waye kafin hantsi ya ɗaga. Ka matso da gwangwanin kusa kaɗan, kamar santimita 15 zuwa 20, hannunka yana tafiya ba tsayawa. Ka fara danna feshin kafin ka iso jikin motar, ka saki bayan ka wuce ta. Shafi na farko da na biyu su zama kamar raɓa, ana hango firama ta ƙasa. Na uku ne zai jiƙa ya yi sheƙi. Wanda ya ce sai ya rufe komai a shafi ɗaya, fenti zai zubo masa kamar hawaye.

Ƙura kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba sai an yi wa Basakkwace bayani ba. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, a busasshiyar iska roba tana janyo ƙura da kanta idan an goge ta da busasshen ƙyalle, kamar yadda biro ke ɗaukar guntun takarda idan an goga shi a gashi. Saboda haka kada ka goge bodi kafin feshi. Ka wanke shi da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, wanda zai kuma cire maiƙon yatsa da na masana'anta, ka kife shi cikin roba mai murfi ya bushe da kansa.

Ga yadda nake yi. Tun da dare nake share wurin, ba da safe ba, don ƙurar shara ta kwanta. Da safe in yayyafa ruwa a ƙasa kamar mai shirin shimfiɗa tabarma a tsakar gida. In kashe fanka. In ɗora bodin a kan gorar ruwa da na cika da rairayi na manna da tef, don in riƙa juya shi ba tare da na taɓa ba. Babbar robar da zan kife a kansa tana gefena a wanke. Ina gama feshi, kafin in ajiye gwangwani, na riga na kife. Nakan saka ashana biyu a ƙarƙashin bakin robar don tururi ya samu hanyar fita. Riga mai gashi-gashi ta sanyi kuma a cire ta, zarenta ya fi ƙurar ɓarna.

Da sanyin hunturu, ka tsoma gwangwanin cikin ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, na minti biyar, feshin zai fi laushi. Ruwan zafi ko rana ko kusa da murhu, a'a, gwangwani ne mai iska a matse. Da damina matsalar takan juya: ranar da aka kwana ana ruwa, laka yakan yi hazo-hazo fari saboda laima. A wurina lokacin kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko, ya fi kowane lokaci daɗin fenti, kuma nakan tara bodi biyu ko uku in jira shi.

Ƙura ta riga ta hau. Na yi asara ke nan?

A'a. Kada dai ka kai hannu yana ɗanye. Ka bar shi ya yi tauri, laka kwana biyu zuwa uku, fentin mai mako guda ko fiye. Idan ka kai hanci kana jin warin fenti, bai gama ba. Sannan ka jiƙa sanfefa 2000 ka shafa a hankali kan ƙwayar har ta baje, ka kiyayi gefuna da kusurwa don a nan fenti ya fi sirantaka. Ka bi da man goge mota mai laushi a kan tsohuwar singileti. Sheƙin da kake gani a hotunan ƙwararru, yawancinsa daga wannan guga yake.

Idan abin ya lalace gaba ɗaya, ana tuɓe fentin. Akirilik yana fita da sifirit mai ƙarfi. Wasu suna jiƙa bodi cikin man birki, yana cirewa, amma yana iya sa robar ta yi gautsi, don haka kada ya daɗe a ciki, kuma a sa safar hannu. Ƙyallin azurfa na bamba yana fita da ruwan bilic na wanki.

Yaya ake manna tambarin? Nawa sun yayyage.

Ba sitika ba ne da ake ɓarewa. Ka yanko ɗaya, ka tsoma a ruwa mai ɗumi na daƙiƙa goma zuwa ashirin, ka ajiye a kan ƙyalle har ya fara zamewa da kansa. Ka jiƙa inda zai zauna, ka zamar da shi daga takardar zuwa jikin mota, ka daidaita da jiƙaƙƙen burushi, ka tsane ruwan da auduga daga tsakiya zuwa gefe. A zafinmu yana kamewa da wuri, don haka kofin ruwa ya zauna kusa. Yana son fuska mai sheƙi. A kan fenti mai kaushi iska takan maƙale a ƙasansa ya yi fari-fari. Takardar da ta tsufa ko ta sha zafi ita ce ke wargajewa a ruwa, shi ya sa nake cire ta daga kwali tun ranar da ya iso in saka ta cikin leda a tsakiyar littafi.

Dole sai na sayi injin feshi?

Ba dole ba ne. Ƙaramar bindigar feshi da kwamfuresa tana ba ka iko da kaurin fenti da haɗa launi, amma tana son wuta, tana son wanki bayan kowane aiki, kuma a zafi akirilik yana bushewa a bakin allurarta. Ka gama mota uku ko huɗu da gwangwani da burushi tukuna.

Me zan ƙara don ta yi kama da ta gaskiya?

Ka sirka baƙin fenti ya yi ruwa sosai, ka ɗiga a tsagar ƙofa da bonet, zai bi layin ya sa ƙofar ta yi kamar za ta buɗe. Ka goge tafin taya da sanfefa don ƙyallin sabunta ya tafi. Ka yi wa robar gefen gilas baƙi.

Sauran kuma ido ne. Na taɓa kai wata mai buɗaɗɗen bonet garejin da nake gyara, wani dattijon bakanike ya karɓa ya juya ta, ya kawo ta daf da idonsa, ya ce, "Ɗana, wanga inji ba shi tashi. Ina wayoyin fulogi nai?" Na ce, "Baba, ba su zo a kwali ba." Ya ce to in nemo. A daren na fasa wata matacciyar wayar sauraro ta kunne, na zaro siraran wayoyin ciki na yi su. Tun daga nan, kafin in fara kowace mota sai na je na leƙa irinta a gareji na ɗauki hoto.

Ni kuma na fi son mota mai alamar tafiya a kan mai ƙyallin shago. Hilux ɗin da ta yi hanyar Illela ko ƙauyukan Gwadabawa ba ta rasa jan ƙasa a ƙasan ƙofa da bayan taya. Ƙasar nan tana ƙofar gidanka. Ka tankaɗe ta da ƙyalle mai laushi har ta zama kamar hoda, ka shafa da busasshen burushi inda taya ke watso ta. Kaɗan ya isa.

Babu matsalar mutum-mutumi a ciki?

Maganar da malamai suke yi kan sura ta shafi abin da yake da rai ne, mota kuwa ba ta da shi. Wasu kwalayen suna zuwa da ɗan direba na roba. Ni barinsa nake yi a reshe, motar ba ta rasa komai. Mai son ƙarin bayani ya tambayi malaminsa.

Yaro zai iya? Warin ba ya cutarwa?

Ɗan shekara goma zai iya haɗa irin wanda ake dannawa ba gam, babba yana kusa saboda reza. Feshi kuwa aikin babba ne, a fili ko bakin taga, nesa da murhu da mai shan taba. Takunkumin ƙyalle yana tare ƙura amma ba ya tare tururin tina. Ƙananan gutsattsari a ɗauke su daga inda mai rarrafe zai kai.

A ina zan ajiye wadda na gama?

Cikin abu mai rufi, inda rana ba ta faɗawa. Rana tana kashe launi, tana mayar da fari rawaya. Kada ka bar kwali ko mota a cikin motarka a rufe. Na taɓa karɓo saƙo a tasha cikin watan Afrilu, na ajiye a gaban gilas na shiga kasuwa, na dawo na tarar bodin ya murɗe har gilashinsa ya ƙi zama. Tayoyin ma a lura da su: wasu irin robarsu tana cin robar bodi ko gilas idan sun daɗe a manne cikin zafi, don haka a ware su cikin ledarsu tun a kwali. Share ƙura kuma da burushin kwalliya na mata, sabo, ba wanda aka ɗauko daga madubin uwargida ba.

Kwana nawa mota ɗaya take ɗauka?

Aikin hannun bai fi na 'yan darare ba. Jiran fenti ne yake cin lokaci. Mai sauƙi takan ɗauke ni mako uku zuwa wata guda, tsakanin isha'i da barci, idan akwai haske. Akwai wata Land Cruiser da na yi wa firama tun kafin azumin bara, tana nan kife a ƙarƙashin roba a saman kabad, tana jiran kaka.